Na samu aiki a Ingila amma maganar karena ta hana ni barci, ku ban shawara

Nas_Samaru:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah kafin kowa ya fara dariya ya karanta har ƙarshe, don na san wasu suna ganin kalmar kare a sama za su ce wannan ƙoshi ne ke damunsa.

Ni nas ne, shekarata bakwai ina aiki a wani asibiti nan Zariya. Tun 2022 nake fafutukar fita waje, jarabawar turanci sai da na zauna mata sau biyu kafin na samu makin da suke so, na yi CBT, jarabawar aikin nas ta kwamfuta da Ingila ke buƙata, na bi takardu har takalmina ya cinye, kuɗin da suka tafi kuwa kar ma a yi magana don har rabin filin da na gada sai da na sayar. Toh yanzu Allah ya yi, wani asibiti a arewacin Ingila sun min intabiyu ta bidiyo sun ɗauke ni, takardar ɗaukar nauyi ta iso, suna so in fara aiki nan da sati goma.

Ga inda gizo ke saƙar. Ina da kare, sunansa Duna. Ba saya na yi ba, tsintarsa na yi. Wata safiya da damina ina dawowa daga aikin dare, ido duk barci, na tarar da yara sun taru a bakin wani kwalbati suna jifan wani abu suna ihu, na ɗauka maciji ne. Da na leƙa sai na ga ɗan kwikwiyo baƙi, wani abin hawa ya take masa ƙafar baya ta zama kamar tsumma, jikin duk ƙazuwa, kunnuwansa kaska ta cika su kamar an zuba wake, ko kukan ma ya daina sai ido kawai. Na ba yaran ɗari biyu suka watse, na roƙi kwalin taliya wajen mai shago na saka shi na ɗaure a bayan babur. Likitan dabbobi ya ce ƙafar ba ta ɗoruwa sai dai a cire, aka cire. Sati shida ni nake wanke masa ciwon da kaina safe da yamma, ina ɗura masa koko da madara da sirinji, a cikin kwanakin nan ne wata rana da dare da na ga kamar ba zai kai safe ba na ce masa da bakina, in dai ka rayu ba zan taɓa yar da kai ba. Matata tana tsaye bakin ƙofa ta ji, har yau tana tsokanata da maganar.

Ya rayu. Da ƙafa uku yake gudu kuma wlh babur ɗina baya tsere masa a cikin layi. Bara da hunturu ɓarayi suka hauro katanga don babur ɗin, shi ya tare su, suka sare shi da adda a kafaɗa suka gudu, na sake zama mai jinyarsa. Baya shiga ɗaki, kwanonsa daban, wurin kwanansa yana can bayan gida kusa da tankin ruwa, kar wani ya zaci irin ta turawa nake yi.

Yanzu gidan hayar zan sake shi. Matata da 'yarmu za su koma gidan iyayenta a cikin birni kafin in daidaita in ɗauke su, kuma surukina ko da wasa ba zan tunkare shi da zancen kare ba. Umma da na gaya mata sai ta dube ni ta ce, ƙannenka uku suna makaranta, ni ga hawan jini, kai kuma kare ne a gabanka? Ban iya cewa komai ba don gaskiyarta ce. Wani a unguwa ya ji labari ya zo wai in sayar masa dubu goma sha biyar, mutumin da ko kaza ban taɓa ganin ya kiwata ba, na ce a'a.

Tambayata biyu ce. Ana iya tafiya da kare Ingila daga nan, kuma me ake buƙata? In kuma ba zai yiwu ba, ya zan yi da alkawarin da na ɗauka? Har na fara tunanin in rubuta musu su ɗaga min zuwa baɗi, ko ma in haƙura gaba ɗaya. Gaba kura baya sayaki.

Ɗan_Fagge:

Kai malam tsaya tukuna. Mutane suna sayar da gida, suna bin sahara da ƙafa, wasu teku ta cinye su duk don su samu abin da aka miƙo maka a faranti, kai kuma kana nan kana shawara da kare mai ƙafa uku?? Fam ɗaya nawa ne yau a Wapa, ka je ka tambaya ka dawo mu yi magana. Ka buɗe masa ƙofa ya kama gabansa, karnuka nawa ne a bola suna rayuwarsu ba wanda ya musu alkawari. In kuma ba ka son aikin turo min takardar, ni ko allura ban iya ba amma zan koya a jirgi.

Almajirin_Zaure:

Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge ka ji tsoron Allah, buɗe ƙofa a kori dabbar da ta saba a ciyar da ita ba ƙaramin abu bane. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ai kowa ya san shi, ta tsare ta bata ba ta abinci ba bata kuma sake ta ta nema ba. Kar ka ce ai nan an ce a sake ta, gurgun kare da bai taɓa kwana a bola ba in ka sake shi a titi ka san abin da zai same shi kafin sati, ko jifa ko mota ko masu buhu. Sannan ga na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da ɗan'uwanmu ya yi a bakin kwalbatin nan muna masa fatan irin wannan ladan.

Kai kuma malam nas, bari in rage maka nauyi ta wani ɓangaren. Mu nan yawancinmu Malikiyya muka tashi a kai, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa bane a jikinsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki ana yinsa ne don bin umarni. Abin da aka yi gargaɗi a kai shi ne ajiye kare haka kawai ba don farauta ko kiwo ko gona ba, cewa ladan mutum na raguwa kullum. Gadin gida malamai sun yi saɓani, da yawa sun yi ƙiyasi sun halatta. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala ɗin nan da muke karantawa a zaure, cewa katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Toh wanda ɓarayi suka hauro masa gida da adda bana jin akwai mai ce masa don me.

Amma ka lura da wannan, a Ingila me zai tsare maka? A can zai koma karen ɗaki ne, ku kwana tare ku tashi tare, dalilin da ya sa ka ajiye shi a nan babu shi a can. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi kan wannan, ni ɗalibi ne.

Maganar alkawari kuma, cewa ka yi ba za ka yar da shi ba, ba ka ce ba za ka taɓa rabuwa da shi ba. Wanda ya damƙa amana hannun mai riƙewa bai yar ba. Haƙƙin mahaifiya kuwa ba a haɗa shi da na kowa, in ka ajiye aikin nan saboda Duna ranta ya ɓaci, ka gyara ƙaramin ɗaki ne ka rushe babba. Kuma ka yi daidai da ka ƙi kuɗin mutumin nan, dama akwai hani kan cin kuɗin kare. Kyauta za ka bayar, ga wanda ka zaɓa da idonka.

Likitan_Dabbobi_KD:

Abokin aiki sannu da ƙoƙari, mu da ku duk jinya muke, bambancin namu marasa lafiyan basa faɗin inda ke musu ciwo. Bari in amsa tambayar farko don na taɓa shirya wa mutane irin takardun nan.

Ana iya kai kare Birtaniya daga Najeriya, amma ba cikin sati goma ba, ko kana da kuɗin duniya. Dalili ciwon haukan kare. Su sun kawar da shi daga dabbobin ƙasarsu tun 1922, mu kuma yana nan tare da mu, duk shekara yana kashe mutane wajen dubu 59 a duniya yawanci a Afirka da Asiya, kuma kai ka fi ni sanin cewa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Shi yasa Najeriya bata cikin ƙasashen da suka sassauta wa. Da can ma wata shida cur ake killace duk karen da ya shiga, sai daga baya suka sauya tsari.

Yadda abin yake, farko a saka masa maikurocip, wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da ake tura shi ƙarƙashin fata ta wajen wuya, yana ɗauke da lamba. Sai a masa allurar haukan kare bayan an saka, ko a rana ɗaya. Nan mutane ke faɗuwa, duk allurar da ka masa a baya in babu cip a jikinsa lokacin to a wurinsu kamar ba a yi ba, sabon lale. Bayan allurar sai an jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a tura ɗakin gwajin da su suka amince da shi, mu yawanci Afirka ta Kudu muke turawa, a ga ko rigakafin ya kama, ana neman 0.5 ko sama. In ya ci, sai a ƙirga wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin, ba ranar da sakamako ya fito ba. Ka haɗa lissafi, wata huɗu kenan in komai ya tafi daidai, kuma kai ma ka san ƙasarmu. Sannan ana gab da tafiya a bashi maganin tsutsar ciki tsakanin kwana 1 zuwa 5 kafin ya sauka, likitan gwamnati ya sa hannu a takardar lafiya. Ba zai zauna kusa da kai a jirgi ba, a kago, wato ɓangaren kaya, zai tafi cikin keji mai ƙa'ida, a can ma akwai wurin karɓar dabbobi a filin jirgin Hitiro na Landan da za su duba shi kafin su sake shi. In takarda ɗaya ta samu matsala za su iya killace shi har wata huɗu kuma kai za ka biya.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba, dole ya sauka cikin kwana biyar kafin kai ko bayanka, in ya wuce haka ya koma ƙarƙashin dokar masu shigo da dabbobi don kasuwanci, wannan kuwa wani dogon zance ne. Ma'ana in ka riga shi tafiya sai ka dawo hutu ka ɗauke shi, ko ya bi madam ranar da za ta taho in takardun da sunanta aka yi. Kuɗi kuma gaba ɗaya a naira miliyoyi ake magana.

Shawarata, ko ba za ka tafi da shi ba ka saka masa cip ɗin ka sabunta allurar satin nan, ba tsada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kana Samaru ai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana bayan gidanka. Ko ba komai duk wanda zai karɓe shi zai fi sakin jiki in ya ga kati, musamman mai yara. Ka haɗa masa da maganin kaska na wata shida. Kuma karen da ya rasa ƙafar baya kar a bari ya yi ƙiba, ɗayar ce ke ɗaukar nauyin bayan duka, in ya tsufa ita za ta fara ciwo, ka gaya wa mai karɓa kar tausayi ya sa ya dinga cika masa kwano.

Maman_Biyu_Bradford:

Ƙanina barka da arziki, Allah ya sa alheri. Ni shekarata huɗu a nan, aikin da za ka zo yi shi nake yi, don haka ka saurare ni da kyau.

Kar ka rubuta musu su ɗaga maka. Dan girman Allah kar ka yi. Takardar ɗaukar nauyin nan wata uku ne da ita, in ba ka nemi biza da ita ba ta mutu, kuma ba wanda ya maka alkawarin wata. Dokokin shige da fice a nan kamar yanayin garin suke, da safe rana da yamma ruwa. A Maris ɗin 2024 suka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, mutane nawa na sani da suka yi jinkiri kaɗan abin ya rutsa da su, mu nas har yanzu an bar mu amma wa ya san gobe.

Sannan bari in gaya maka yadda watanninka na farko za su kasance tunda a waya kowa hoton dusar ƙanƙara yake turowa. Ɗaki ɗaya za ka samu, ko a masaukin asibiti ko a gidan da kuke raba kicin da banɗaki da mutum huɗu, kuma masu gidajen haya da yawa suna jin kalmar kare za su kashe waya. Ga OSCE, jarabawar gwada aikin nas a aikace, a gabanka cikin watanni ukun farko, kafin ka ci ta albashinka na ƙasa ne, kana dawowa daga aiki karatu za ka hau. Aikin awa goma sha biyu ne da ɗoriya, ka fita da duhu ka dawo da duhu, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe. Su kuma ƙungiyoyin kare dabbobi na nan cewa suke kar a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu, in ya yi ta haushi maƙwabta za su kai ƙara, ba tsakar gida ba tankin ruwa ba yaran layi. Mutum asibiti kyauta ne amma dabba ba NHS ɗinta, wato tsarin lafiya na gwamnati, ganin likita kawai sai ka riƙe baki, shi yasa suke musu inshora. Akwai wata da muke aiki tare baturiya, rabin hirarta kuɗin mai fita da karenta yawo ne, wai har sana'a ce.

Ka duba Duna tsakani da Allah, karen da ya saba da rana da ƙasa da ƙanzon tuwo, ka kulle shi a bene hawa na uku cikin sanyi shi kaɗai tun asuba har isha, don shi ka yi ko don ranka ya yi sanyi? Ni ban ce ka manta da shi ba. Abin da za ka kashe a kwana biyu a nan kan bas da burodi zai ciyar da shi wata guda a gida. Ka nemo mutum, ka yanka masa wani abu duk wata, ba na abincin kare kaɗai ba har da na wahalarsa shi mutumin. In bayan shekara biyu ka samu gida mai fili kuma har yanzu zuciyarka na kansa, ga hanya likita ya zayyana maka.

Ni kyanwa na bari wajen ƙanwata, na yi kuka a filin jirgin Abuja mijina yana min dariya, yanzu in an haɗa mu a bidiyo ko kallona bata yi, 'yar banza.

Bako_Pankshin:

Ni abu ɗaya zan ƙara, mutumin dubu sha biyar ɗin nan. Ni ɗan Filato ne, kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ba nisa da garinmu, kasuwar karnuka ce babba, daga jihohin arewa ake tattaro su a keji a mota, daga nan a loda su zuwa kudu. Masu bi gari gari suna saye basa tambayar ƙafa nawa gare shi, nauyi suke dubawa. Ba zagin kowa nake ba kowa da abincinsa, kuma ba duk ɗan Filato ke ci ba kafin wani ya fara, gidanmu ba ma ci. Amma ka sani karen da ya sha kulawa ya yi sumul irin naka shi suke nema.

Kuma ba baƙo kaɗai za ka ji wa tsoro ba. Lokacin da na tafi bautar ƙasa na bar karyata wajen wani ɗan'uwa, na bar masa kuɗin abinci, duk waya sai ya ce tana lafiya har tana gaishe ka. Na dawo Kirsimeti aka ce ai ta ɓata tun Oktoba. Yaron gidan ne ya gaya min gaskiya a bayan ɗaki. Don haka wanda za ka ba, kar ka bashi kuɗin shekara a dunƙule, wata wata, kuma sai ka ga bidiyo sabo ba hoton bara ba. Ka sa wani daban wanda ba ruwansa da kuɗin ya dinga leƙawa. Mafarauta kuma kar ka fara, suna son karnukansu amma gurgu ba zai musu amfani ba, ƙarshenta su miƙa shi gaba.

Ɗan_Fagge:

Toh ni dai na ga an taru a kaina har da hadisi. Na janye maganar bola. Amma batun ya tafi ai duk kun dawo kan maganata, kawai ku da turanci da larabci kuka faɗa.

Nas_Samaru:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi shiru kwana biyu ne don ina ta kai da kawo. Aunty ta Bradford maganarki ta bene hawa na uku ta tsaya min a rai, ban rubuta musu komai ba, na cike takardar biza, na je Abuja gwajin tarin fuka na dawo. Likita an saka cip an yi allura ranar Talata, ko motsi bai yi ba, ni ne ma na kau da kai.

Akwai wani dattijo da ban kawo shi a lissafi ba tun farko, Baba mai gadin wani gidan kaji a hanyar Shika. Na taɓa jinyar matarsa, tun daga nan muke zumunci, in na je sayen ƙwai da Duna nake zuwa, shi ne ma yake tara masa kawunan kaji da ƙafafu a leda. Na je na same shi na faɗa masa komai har alkawarin, bai yi dariya ba, ya ce dama ɓeraye da muzuru sun ishe shi kuma dare yana masa tsawo shi kaɗai. Mai gidan kajin ma ya yarda da sharaɗin kar ya kusanci ɗakin 'yan tsaki. Na ce zan dinga turo wani abu duk wata, Baba ya ɓata rai wai zagi ne, sai da na ce to na goro ne da sabulun Inna sannan ya yi shiru. Ƙanina zai dinga leƙawa ranar Juma'a ya ɗauko min bidiyo, Bako na ji shawararka.

Ranar Alhamis na kai shi da kwanonsa da buhun da yake kwanciya a kai, na ɗaure shi a gindin dalbejiya na hau babur ban waiwaya ba. Daren nan ban runtsa ba, ina ta jin kamar motsi a bayan tanki. Da asuba na buɗe ƙofa zan tafi masallaci sai na yi tuntuɓe da abu, shi ne kwance a bakin ƙofar, ya cinye igiyar ya taho da guntunta a wuya, tafiyar da a babur ma minti ashirin ce, ga manyan motocin Funtuwa duk dare a titin. Tafin ƙafar bayan nan guda ɗaya ya fashe yana jini. Ko haushi bai yi ba, jela kawai yake bugawa a ƙasa. Matata ta fito ta gan mu ta koma ciki, yau dai bata tsokane ni ba.

Na kira Baba yana ta salati yana ba ni haƙuri, na ce laifina ne da na yi abin a rana ɗaya. Yanzu mun canza tsari, kullum in na tashi aiki mu tafi tare, Baba ne ke bashi abinci da hannunsa ni ina gefe ban sa baki, mu yi awa biyu mu dawo. Sati mai zuwa zan kwana can dare biyu a benci, daga nan in fara barinsa yini. Na ajiye masa tsohuwar rigar aikina da ban wanke ba a kan buhun. Saura sati takwas da kwana uku.

Likita dan Allah, tafin ƙafar na wanke da ruwan gishiri na sa aidin na naɗe amma yana ta cire bandejin da haƙori, akwai abin da zan shafa a kai mai ɗaci wanda ba zai cutar da shi ba, ko in yanka bokitin roba in sa masa a wuya kamar wancan karon?